Ciwon Dajin Mama: A Wuyan Wa Alhakin Jinkiri Ya Ke?



Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba a saba jin sunansa a bakin malamai ba, watau ciwon da Larabawa ke kira saraɗan, ma'ana ƙaguwa, Hausawa kuma su ke ce masa ciwon daji ko sankara, musamman irin wanda ke kama maman mace. Mun sani wani zai ce, me ya kawo wannan cikin shafin addini, ashe ba aikin likitoci ba ne? To, aikin likita yana somawa ne ran da mace ta zauna a gabansa. Amma watannin nan da ke tsakanin ranar da ta fara jin ƙullutu a ƙirjinta da ranar da ta taka ƙofar asibiti, likita ba shi da iko a kansu. Suna hannunta, da hannun mijinta, da na uwarta, da na malamin unguwa wanda aka fara kai wa kuka. A cikin waɗannan watanni ne kuwa a ke hasarar mafi yawan matan da ciwon ke kashewa a ƙasarmu. Sau da yawa kuma da sunan addini a ke yin jinkirin: a ce kunya, a ce tawakkali, a ce jifa ne sai dai addu'a. Tun da an rataya wa addini abin, ya zama dole mu faɗi abin da addinin ya ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, ya kuma kashe wajen 670,000. A Nijeriya, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna sababbin majinyata fiye da 28,000, waɗanda suka rasu kuma fiye da 14,000. Watau a shekarar, duk sababbin majinyata biyu da aka ƙidaya, an ƙidaya gawa ɗaya. Alhali kuwa a ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka gano suna da shi, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Ubangijin da ke can Shi ne a nan, ciwon kuma shi ne dai. Babban abin da ya raba mu da su shi ne, su suna cim masa tun yana ɗan ƙarami, mu kuwa mafi yawan matanmu ba sa isa asibiti sai ya ci ƙarfinsu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya ke. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace tana da lokacin tsirowa da lokacin mutuwa bisa ƙa'idar da Allah Ya shimfiɗa mata. Ciwon daji shi ne waɗansu daga cikinsu su ɓalle daga ƙa'idar nan, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su taru su zama curi. A mama yawanci yana somawa ne cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi. Muddin yana nan wuri guda, ana iya cire shi a rabu da shi. In aka ƙyale shi, sai ya miƙa zuwa kaluluwar hammata, daga nan ya sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Likitoci sun kasa tafiyarsa mataki 4. A na 1 da na 2 warkewa ita ce mafi rinjaye. A na 4, wanda ya riga ya watsu cikin jiki, abin da ya rage shi ne a rage masa gudu, a sauƙaƙa wa majinyaciya.

Mugun halinsa shi ne, da fari ba ya zafi. Da yana raɗaɗi kamar maruru, da tun a makon farko an nemi mai magani. Sai mace ta ji ƙullutu mai tauri a mama ko a hammata, ta danna ta ji ba ciwo, ta ce ai ba kome. Wata kuwa kan maman ne zai shige ciki, ko ya riƙa fid da jini, ko fatar ta lotsa, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko gyambo ya fito ya ƙi warkewa. Gaskiya ne mafi yawan ƙullutun da mata ke ji ba sankara ba ne, musamman ga 'yan mata. Amma hannu ba ya rarrabewa, ko da hannun likita ne. Sai an ɗauki hoto, an kuma ɗebi ɗan nama da allura an duba shi a ɗakin gwaji. Wajen rabin matan da ciwon ke kamawa ba a samun wani dalili a tare da su ban da cewa mata ne, shekaru kuma sun fara ja. Maganar da a ke yi a kasuwa cewa cusa kuɗi cikin rigar mama ne ke kawo shi, ba ta da tushe. Har maza yana kamawa, ko da ya ke kaɗan ne, kimanin mutum 1 cikin majinyata 100.

Wannan magana ta gaggawa ba Turawa suka fara ta ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin saraɗan a sashen ƙarshe na littafinsa At-Tasrif, sashen da ya keɓe wa aikin fiɗa. Ya nuna cewa idan ciwon sabo ne, ƙarami, kuma yana wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, kamar mama ko cinya, to a cire shi. In kuwa ya daɗe ya girma, ya yi gargaɗi kada a kusance shi, ya kuma yi ikirari cewa shi bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Shekara 1,000 ke nan da wani likita Musulmi ya gane cewa lokaci shi ne kan maganin.

Mu koma ga uzurin farko, watau kunya. Kunya tana cikin imani, babu mai ja da wannan. Amma wace kunya? Ummu Sulaim ta je gaban Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta tambaye shi hukuncin mace idan ta yi mafarki irin na manya, ya amsa mata, bai tsawata mata ba. Uwar Muminai A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Imrana ɗan Husaini ya gaya wa Annabi yana fama da basir, ta dalilin haka al'umma ta sami hukuncin sallar mara lafiya. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala sukutum a kan ciwon basir da magungunansa, bai ga wannan ya rage masa kwarjini ba. To, in sarki malami zai sa alƙalami a kan wannan, wane dalili zai sa matar aure ta kwana wata 8 da curi a ƙirji ba ta iya gaya wa mijin da suke ɗaki ɗaya? Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai magidanta da suka mai da gidajensu wurin da ba a kawo musu maganar ciwo sai in mutum ya faɗi. Matar da ta san amsar da za ta samu ita ce tsaki, ko a ce mata ta cika ƙorafi, dole ta yi shiru.

Sa'an nan sai a ce, to yaya namiji ba muharrami ba zai duba ƙirjinta? Malamai sun daɗe da warware wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera abin daki-daki: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai namiji wanda ba Musulmi ba. Za a buɗe gwargwadon abin da bincike ke bukata, a gaban miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. Saboda haka maigida yana da damar ya roƙi a haɗa iyalinsa da likita mace, kuma ya kyautu asibitoci su girmama wannan roƙo. Amma in aka ce babu, ba shi da damar ya ce su koma gida. Ma faɗi wata magana a nan ko da za ta yi ɗaci: da yawa daga cikin masu kukan rashin likitoci mata, su ne ke cire 'ya'yansu mata daga makaranta tun ba su gama sakandare ba. Samar da likitoci mata farali ne na kifaya, kuma daga gidajenmu za su fito. Rufaida Al-Aslamiyya ai a masallacin Madina aka kafa mata hema tana jinyar masu rauni, a nan ne aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Uzuri na biyu shi ne tawakkali. A kan ji mutum ya ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, asibiti ba ta hana mutuwa. Haka ne. Abinci ma ba ya hana mutuwa, amma ba mu ga wanda ya bar cin tuwo saboda haka ba. Ɗan kasuwar da ke faɗar wannan magana a kan ciwon matarsa, da dare ya yi sai ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu, ya kuma biya maigadi. Sayyidina Umar, sa'ad da ya doshi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa daga Sarg, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah ta ke. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin mutumin da ya ji rauni aka kira masa masu magani biyu daga Banu Anmar, Annabi ya tambaya wanne ne ya fi gwaninta a cikinsu. Ashe har zaɓen gwani cikin masu magani sunna ce.

Akwai masu kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya wadda Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da addu'ar warkewa, ta zaɓi haƙuri. Hadisin ingantacce ne, kuma daga irinsa ne malaman da suka gabata suka ce neman magani halal ne ba wajibi ba. Sai dai a lura, a zamaninsu magani yawanci zato ne, yana iya yi yana iya ƙi, ciwon matar kuma ba mai kisa ba ne nan take. Yau da aka tabbatar da cewa barin curin nan yana kai wa ga kabari, cire shi da wuri kuma yana kuɓutar da mafi yawa, hukuncin ya bi dalilinsa. Majalisar da muka ambata, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko hasarar wata gaɓa. A wannan zama kuma ta tabbatar da cewa iznin da a ke bukata kafin a yi wa mutum magani, iznin majinyacin ne da kansa matuƙar baligi ne mai hankali. Saboda haka mijin da ya ƙi sa hannu a yi wa matarsa aiki, ita tana so, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Jikin nata ne, amana ce Allah Ya ba ta.

Na uku shi ne a ce jifa ne, ko sammun kishiya, ko iska. Sunan "daji" kansa yana jan tunanin waɗansu zuwa can. Ba mu musun sihiri, kuma ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata sunna ce. Amma Annabin da ya yi tofi shi ne kuma ya yi ƙaho, shi ne ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu da mai magani ya yanke masa jijiya. Bai taɓa sa ɗayan ya kori ɗayan ba. A yi tofi da dare, a je asibiti da safe. Malamin da aka kawo wa mace mai curi a mama, ya ba ta rubutu, ya ce ta dawo bayan kwana 40, bai ce mata ta je a duba ta ba, to ya sani kwanakin nan 40 za a tambaye shi a kansu. Ga kuma zunubin zato: gidaje nawa suka watse saboda an ɗora wa kishiya laifin abin da gwaji ɗaya zai nuna asalinsa?

Haka nan masu shagunan da a ke kira na maganin Musulunci, da masu shela a rediyo da bayan mota. Zuma da habbatus sauda da ruwan Zamzam, falalarsu ta zo cikin nassi, ba ma raina su. Amma tun da daɗewa Al-Khaɗɗabi ya yi bayani cewa hadisin habbatus sauda lafazinsa ne ya game, abin nufi kuwa keɓantacce ne, Ibnu Hajar kuma ya kawo maganarsa a Fathul Bari. Ba kuma raina itatuwa mu ke yi ba. Ɗaya daga cikin manyan magungunan da a ke ɗura wa masu sankarar mama a asibiti, mai suna paclitaxel, daga ɓawon wani itace na Amurka aka fara samo shi. Abin da ya bambanta shi da ƙullin da a ke sayarwa a tasha shi ne, an gwada shi a kan dubban majinyata, an san awonsa, an san illarsa. Wanda ya ce yana narkar da ciwon daji cikin mako 3, sai ya kawo matan da aka tabbatar da ciwonsu ta gwaji, aka kuma tabbatar da warkewarsu ta gwaji. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani ba a san shi da ilminsa ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi. Wannan ya haɗa da mai yin sakiya ko tsaga a kan curin, da mai shafa abin da ke cin fata har wurin ya ruɓe. Majinyaciyar da ke shan wani jiƙo kuma ta gaya wa likitanta, domin waɗansu suna wahalar da hanta, ita kuwa hantar ce ke ɗaukar nauyin maganin asibiti.

Akwai kuma maganar nan da ta zauna a zukatan jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya watsu. Mun fahimci inda ta samo asali. Mace ce za ta kai shekara 2 tana yawon magani, a kai ta asibiti ciwo ya riga ya isa huhu, a yi abin da za a iya, ta rasu bayan wata 2. Sai unguwa ta ce wuƙa ce ta kashe ta. Wadda aka yi wa aiki da wuri kuwa ta warke, ba wanda ya san labarinta, domin ta rufe ƙirjinta ta yi shiru. Ta haka mamatan ke ba da shaida a bainar jama'a, rayayyu kuma ba a jin tasu.

Hanyar asibiti doguwa ce, gara a san haka tun da fari. Akwai aiki, wani lokaci a cire curin kaɗai, wani lokaci maman gaba ɗaya. Akwai maganin da a ke ɗurawa ta jijiya, yawanci duk bayan mako 3, sau 6 ko 8, wanda ke kawo amai da kasala da zubewar gashin kai, amma gashin yana komowa. Akwai gasa wurin da na'urar haske mai ƙarfi, irin wadda aka kafa a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma aka buɗe ta farko a Yamai a 2021. Na'urorin nan ba su wadaci jama'a ba, akwai layi da tafiya mai nisa. Ga wadda gwaji ya nuna ciwonta yana ƙaruwa da sinadarin jikin mata, akwai ƙwaya irin su tamoxifen da za ta sha kullum shekara 5 zuwa 10. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa, kuma aƙalla 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa suna tsayawa a ɗuri na 2 ko na 3, ko don curin ya motse an zaci ya tafi, ko don aljihu ya ƙare.

Wannan ya kawo mu ga maganar kuɗi, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin mun san akwai almajiran ilmi cikin masu karatu. Wanda ya karanta babin ciyarwa a Mukhtasar na Shehu Khalil ya san cewa ba a lissafa magani da ladan mai ƙaho cikin abin da ya wajaba a kan miji ba, kuma wannan shi ne mashahurin zance a mazhabobi huɗu. Mun taɓa jin mai hali yana kafa hujja da wannan, ya tura mace gidan iyayenta da ciwo, ya ce in ta warke ta dawo. Amma ba a nan maganar ta tsaya ba. A cikin mazhabarmu an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam, ɗaya daga manyan malamanmu na Masar, cewa ladan likita da kuɗin magani suna kan miji. Shehu Wahbatuz Zuhaili, wanda ya rasu a 2015, ya yi bayani cewa magabata sun gina hukuncinsu ne a kan al'adar zamaninsu, lokacin da magani bai zama larura ta yau da kullum ba, yau kuwa bukatarsa ta kai ta abinci ko ta fi, saboda haka ya rinjayar da wajabcinsa. Mu ma a nan mu ke. Alƙur'ani ya yi umurni da zama da mata bisa kyautatawa, kuma ba mu san wata al'ada ta mutanen kirki da za ta kira shi kyautatawa ba, a ci moriyar mace shekara 20 tana da lafiya, ran da ta kwanta a ce ubanta ya biya. Alhajin da ke shirin Umra ta 5, ko ya ke haɗa lefen ta uku, alhali uwargida ta tsai da ɗuri saboda rashin kuɗi, ya sake lissafi. Nafila ba ta gabatar wajibi.

Wanda ba shi da hali kuwa, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa, nauyin ya koma kan dangi da jama'a. Ma'aikacin gwamnati ya bincika abin da inshorar lafiyarsa ta ƙunsa, domin dokar 2022 ta sake tsarin hukumar, kuma ya tabbata sunan iyalinsa yana cikin rajista tun kafin ciwo ya zo. Gwamnatin Tarayya ta soma wani asusu na tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji a 2021, wanda ya haɗa da na mama, aka fara shi a asibitoci 6, ciki har da na Zariya da Gwambe da Abuja, sai a tambayi ofishin jin daɗin jama'a na asibiti yadda a ke shiga. Attajirai kuma su sani, majinyacin da kuɗin magani ya fi ƙarfinsa matalauci ne a shari'a ko da yana da albashi, wanda ya ci bashi don jinya kuma yana cikin mabarta da aka ambata a Suratut Tauba. Zakkar mutum ɗaya daga Kantin Kwari, in aka tattara ta wuri guda maimakon a rarraba ta Naira dubu-dubu a ƙofar gida, tana iya kai mace ɗaya ƙarshen maganinta.

Ita kuma 'yar'uwarmu da ke cikin wannan jarrabawa, shari'a ta sauƙaƙa mata ibada. In an ɗaure wurin aiki, sai ta wanke inda ke da lafiya ta yi shafa a kan ɗaurin. In ruwa zai cuce ta, ta yi taimama. Abin da ke tsattsafowa daga gyambo da kansa, an yi rangwame a kansa, ba ya ɓata mata salla, sai dai an so ta wanke in ya yi yawa. In ba ta iya tsayuwa ta zauna, in ba ta iya zama ta kwanta a gefenta. A watan azumi, in ɗuri ya faɗo ciki ko likita ya ce tana bukatar ruwa, ta sha ta rama daga baya, kada ta ɗage ranar magani don azumi. Wadda ba a sa ran za ta iya ramawa, babu ramuwa a kanta, an so ta ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya kowace rana in tana da shi. In likita ya ce a dakata da ɗaukar ciki har a gama magani, uzuri ne karɓaɓɓe. Wadda aka cire wa mama kuma ta so a gyara mata wurin, ko ta sa abin cikewa a cikin riga, ba canza halittar Allah ba ne. Arfaja ɗan As'adu da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi ya umurce shi ya sa na zinariya, kuma Majalisar Fiƙihu a zamanta na Maleshiya a 2007 ta ambaci sake gina maman da aka cire cikin ayyukan da suka halatta.

Kai kuma maigida, ka sani abin da ya fi tsorata mata da yawa ba wuƙar ba ce, yadda za ka dube ta bayan wuƙar ne. Akwai waɗanda suka ƙi yarda a yi musu aiki saboda tsoron saki ko kishiya, suka zaɓi su mutu da jikinsu cikakke. Kalma ɗaya daga bakinka kafin ranar aiki tana iya kawar da wannan. Ciwon ba a ɗaukarsa, ba a raba mata kwano ko shimfiɗa. Hannun gefen da aka yi aikin yakan yi nauyi ko ya kumbura saboda an cire kaluluwa, sai a ɗauke mata daka da jan guga har likita ya ba da izni. 'Ya'yanta mata da 'yan'uwanta kuma a gaya musu gaskiyar sunan ciwon, domin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana bin jini, kuma sanin haka zai sa su riƙa duba jikinsu kowane wata bayan sun yi tsarki. Shayarwa tana rage haɗarinsa, binciken da aka buga a 2002 ya nuna ragin kimanin kashi 4 cikin 100 ga kowace shekara da mace ta shayar, abin da ya dace da shekara 2 da Suratul Baƙara ta ambata. Amma ragi ne kawai, kada mai 'ya'ya 9 ta ce ita ta tsira. Mai goyon da ta ji curin da bai baje ba bayan 'yan makonni, kada ta ce daskarewar nono ne, ta je a duba.

Wadda ciwonta ya riga ya yi nisa, ita ma ba a fid da rai a jefar da ita ƙuryar ɗaki. Da magani akwai masu yin shekaru suna harkokinsu, suna aurar da 'ya'ya. Magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, irin su mofin, halal ne a sha su bisa awon likita, babu wata lada ta musamman cikin barin mutum yana ihu alhali ga sauƙi. Gyambon da ke wari akwai yadda ma'aikatan jinya ke wanke shi warin ya ragu, sai a nemi su koya wa mai zama da ita. Masu zuwa dubiya kuma su taƙaita zama, su yi addu'a, su ajiye abin da suka kawo. Kada a zauna a gabanta ana lissafa waɗanda irin ciwon ya kashe, kada kuma kowace baƙuwa ta zo da sunan sabon mai magani a wani ƙauye. In ana son a taimaka, a tambayi ranar da za ta koma asibiti, a ga wa zai kai ta, wa kuma zai zauna da yara kafin ta dawo.